Yadda Ake Gano Matsala Idan Kwamfuta Ta Ƙi Magana da Allon Arduino ko ESP32

Daga cikin ɗalibanmu Hausawa da ke karatun injiniya da kimiyyar kwamfuta a Saudiyya, a Jami'ar Musulunci ta Madina, da Ummul Ƙura ta Makka, da Jami'ar Sarki Abdul'aziz ta Jidda, kusan babu wanda zai kammala ba tare da ya riƙe allon Arduino ko ESP32, wato ƙananan allunan lantarki da ake loda wa shiri daga kwamfuta, a hannunsa ba. Haka kuma samarinmu haifaffun nan da ke sana'ar gyaran waya sun fara sayen waɗannan alluna domin su koyi sarrafa fitila da famfon ruwa da makullin ƙofa. Abin da ya fi karya musu gwiwa tun kafin su kai ga rubuta wani shiri na kirki shi ne kwamfuta ta ƙi ganin allon, ko ta gan shi amma shirin ya ƙi hawa. Da yawa daga nan sai su yanke hukunci cewa allon ya ƙone, su sayi wani, sabon ma ya ƙi. A ganina wannan asarar kuɗi ce da ta lokaci, domin allo ba ya cika mutuwa, kuma mafi yawan lokuta laifin yana wani wuri mai arha da sauƙin gyara.

Kafin a taɓa komai ya kamata a san hanyar da saƙo ke bi. Yana fita daga manhajar Arduino IDE, ya bi ta tashar da kwamfuta ta buɗe wa allon, wadda direba, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura, ke samar da ita, ya fita ta kafar USB, ya bi kebul, ya isa wani ƙaramin cip da ke kusa da bakin allon wanda aikinsa fassara harshen USB zuwa wanda maikirokontirola, wato cip ɗin da ke zaman ƙwaƙwalwar allon, ke ji, sannan wani ɗan shiri da ke zaune a cikin maikirokontirolar, wato butloda, ya karɓa ya ajiye. Ɗalibin hadisi zai gane wannan da sauri: kamar isnadi ne, idan mutum ɗaya ya faɗi a tsakiya to silsilar ta yanke, komai ingancin sauran. Aikinka shi ne ka bi su ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kuma kada ka sauya abu biyu a lokaci guda, domin idan ka yi haka ya gyaru ba za ka san abin da ya gyara shi ba.

Fara da tsiraita allon

Cire duk abin da ka haɗa da allon: na'urorin awo, ƙananan injina, allon nuni, da duk wayoyin da suka tafi allon ramuka (breadboard). A bar shi shi kaɗai da kebul. Dalilin haka biyu ne. Na farko, kafar USB 2.0 tana bayar da bolt 5 da abin da bai wuce miliamfiya 500 ba, kuma allon Arduino Uno yana da fiyus mai warkar da kansa da ke yanke wuta idan an zarce haka, don haka ƙaramin injin servo ɗaya da ya cije ko waya ɗaya da ta haɗa 5V da GND, wato ɓangaren ragi na wuta, sun isa su sa allon ya riƙa ɓacewa yana dawowa. Na biyu, fil (wurin jona waya a jikin allo) na 0 da na 1 a allunan Uno da Nano, waɗanda aka rubuta wa RX da TX, su ne dai hanyar da shiri ke shiga, saboda haka idan ka ɗaura musu na'urar Bluetooth irin HC-05 ko ta GPS, ita da kwamfuta za su riƙa magana a kan layi ɗaya, lodin ya lalace. Ka kuma duba inda ka ajiye allon. Ƙasansa cike yake da tsinin dalma, kuma teburin ƙarfe ko murfin laftof na alminiyam zai haɗa su wuri guda. Ɗora shi a kan littafi ko kwali.

Yanzu jona shi ka dubi fitilar da aka rubuta wa ON ko PWR. Idan ba ta kama ba, ko ta kama dishi-dishi, ko ka ji wani sashe ya yi zafin da yatsa ba zai jure ba, zare kebul nan take. Idan ta kama sosai, to ka san wuta ta iso. Ba ka san komai game da saƙo ba tukuna.

Kebul

A nan ya kamata a daɗe, domin shi ne babban mai laifi kuma shi ne wanda aka fi raina wa. Kebul ɗin USB na asali yana da wayoyi 4 a cikinsa: biyu na wuta, biyu na bayanai da ake kira D+ da D-. Amma kebul masu yawa da ke zuwa tare da fawabank, da abin sauraro na kunne, da ƙaramar fanka mai caji, da irin waɗanda ake tarawa a kwando a shagunan kayan araha na abu hamsa, wayoyin wuta kawai ke cikinsu. Da ido ba za ka bambance su ba. Fitilar allo za ta kama tas, shirin da ke cikinsa zai yi ta gudu, amma kwamfuta ba za ta ko yi ƙarar da take yi idan an jona mata sabon abu ba. Wannan ya fi faruwa da allunan ESP32 da NodeMCU, saboda bakinsu irin na wayar hannu ne, mutum sai ya jawo duk kebul ɗin caja da ya samu a ɗakin sakan, wato masaukin ɗalibai. Uno ya ɗan tsira daga wannan domin kebul ɗinsa irin na firinta ne mai ƙaton kai.

Gwajin mai sauƙi ne. Jona wayarka ta hannu da kwamfuta da wannan kebul ɗin. Idan wayar ta tambaye ka ko kana son tura fayil, kebul ɗin yana ɗaukar bayanai. Idan caji kawai ta fara, ajiye shi gefe. Wanda ya ci gwajin kuwa, ɗaura masa ɗan salatif mai launi ka keɓe shi ga wannan aiki, kuma idan za ka saya, ko a kasuwar wayoyi ta titin Falasɗinu a Jidda ko a Batha ta Riyad, ka nemi mai shago ya gwada maka shi a gabanka. Gajere ya fi dogo. Wanda bai wuce mita ɗaya ba shi ne daidai.

Akwai wata matsala da ta zo da bakin USB-C. Wasu alluna masu arha ba a sa musu rizisto biyu na kilo'om 5.1 da ƙa'ida ta tanada a kan fil ɗin CC na bakin ba, kuma idan babu su laftof ba zai saki wuta ba ko kaɗan ta kebul mai C a kowane ɓangare. Allon sai ya zama kamar matacce. Maganinsa shi ne kebul mai tsohon faffaɗan kai a ɓangaren kwamfuta da C a ɓangaren allo. Bayan haka sauya kafar da ka jona a jikin kwamfuta, ka guji mai rarraba USB marar wutar kansa, idan kuma babbar kwamfutar tebur ce ka yi amfani da kafofin baya. Ka haska tocila cikin bakin allon ma: ƙurar Makka da Riyad tana taruwa ta dunƙule a ciki, damshin Jidda kuma yana sa tsatsa, kuma bakin micro-USB yana iya ɓallewa daga dalmarsa ta yadda allon ke bayyana idan ka karkata kebul ya ɓace idan ka saki.

Shin kwamfuta ta gan shi?

A Windows, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta devmgmt.msc, ka danna Enter. Na fi son wannan hanya saboda yawancin kwamfutocin da muke samu a nan Windows ɗinsu na Larabci ne, inda wannan taga take da suna Idaratul Ajhiza, kuma umarnin yana aiki ko da wane harshe ne. Bar tagar a buɗe, zare kebul, ka sake jonawa, idonka a kan jerin. Abu ɗaya cikin huɗu zai faru.

Idan jerin bai ko motsa ba, koma ga kebul da kafa, domin babu direban da zai gyara wannan. Idan wani abu ya bayyana da sunan Unknown USB Device tare da bayanin Device Descriptor Request Failed, kwamfuta ta ji an jona abu amma ya kasa gabatar da kansa, kuma wannan ma galibi kebul ne ko ƙarancin wuta, wani lokaci kuma cip mai fassara ne ya lalace. Idan ya bayyana ƙarƙashin Other devices da alamar motsin rai a cikin ɗorawar alwatika, to albishirinka, direba kawai ya rage. Idan kuwa ya bayyana ƙarƙashin Ports, wato Almanafiz, da lamba irin COM3 ko COM7, rubuta lambar ka wuce gaba.

Domin sanin direban da kake bukata, dubi ƙaramin baƙin cip da ke kusa da bakin USB, ka karanta rubutun kansa da kyamarar waya. Uno R3 na asali yana da ATmega16U2, kuma direbansa yana shiga tare da Arduino IDE. Yawancin allunan da ake sayarwa da araha kwaikwayo ne da aka yi a Sin, suna ɗauke da CH340 na kamfanin WCH, fayil ɗin direbansa kuma sunansa CH341SER. Allunan ESP32 da yawa suna da CP2102 na Silicon Labs, wasu CH340 ko CH9102. Tsohon Nano na asali yana da FT232RL na FTDI. Idan rubutun ya goge, danna dama a kan na'urar, shiga Properties, sannan Details, ka zaɓi Hardware Ids. Lambar da ke bayan VID za ta gaya maka: 2341 na Arduino ne, 1A86 na WCH, 10C4 na Silicon Labs, 0403 na FTDI. Ka sauke direba daga shafin kamfanin da ya yi cip ɗin kaɗai, ka guji shafukan da ke tara direbobi, domin ba ka san abin da suka cusa a ciki ba. Allo na kwaikwayo, a ra'ayina, ba abin kunya ba ne ga ɗalibi. Yana aiki lafiya, abin da ake bukata kawai a san cewa direbansa daban ne. Idan kwamfutar ɗakin gwaje-gwaje (ma'amal) ce ta jami'a, sau da yawa ba ka da izinin sa direba, sai ka yi wa mai kula da wurin magana maimakon ka ɓata yini kana gwadawa.

Masu Linux su buɗe Terminal, wato tagar rubuta umarni, su rubuta sudo dmesg | tail bayan sun jona. Uno na asali yana fitowa a matsayin /dev/ttyACM0, masu CH340 da CP2102 kuma /dev/ttyUSB0. Idan ya fito amma IDE ya ce Permission denied, rubuta sudo usermod -aG dialout $USER, sannan ka fita daga asusunka ka sake shiga, in ba haka ba canjin ba zai kama ba. A Ubuntu 22.04 akwai wata manhaja mai suna brltty, wadda aka yi domin na'urar karatun makafi, da ke ƙwace CH340 da zarar ya bayyana, sai ka ga tashar ta fito ta ɓace cikin daƙiƙa. Idan babu mai amfani da irin wannan na'ura a kwamfutar, sudo apt remove brltty ya warware shi. A Mac kuwa sunan tashar galibi yana farawa da /dev/cu.usbserial ko /dev/cu.usbmodem.

Tasha ta fito, amma lodi ya ƙi

A cikin IDE shiga Tools ka zaɓi allo da tasha. Kada ka zaɓi tasha da ka. COM1 galibi ta kwamfutar ce kanta, kuma Bluetooth ma yana buɗe tashoshinsa. Wadda ke ɓacewa idan ka zare kebul ita ce taka. Sannan shiga Preferences ka kunna Show verbose output a ɓangaren upload, domin IDE ya riƙa nuna maka cikakken bayani, ka buɗe misalin Blink, ɗan shirin da ke sa fitila ƙiftawa, ka loda shi. Kada ka yi gwaji da shirinka na kammala karatu, saboda kana bukatar ka raba kuskuren harhaɗa shiri, wato fassara shi zuwa harshen cip, da kuskuren haɗi. Idan jan rubutun ya fito kafin a ga kalmar Uploading, matsalar ba ta haɗi ba ce. Wani abu da ke jawo irin wannan a ƙasar nan shi ne sunan asusun Windows ko na folda da aka rubuta da haruffan Larabci, domin wasu kayan harhaɗawa suna tuntuɓe a kansu. Ka buɗe folda mai sunan boko kai tsaye a C ka ajiye aikinka a can.

Karanta saƙon kuskuren da natsuwa, domin yana faɗin inda aka tsaya. Idan ya ce can't open device tare da Access is denied, wata manhaja ce ta riƙe tashar, kuma tasha ba ta karɓar biyu a lokaci guda. Rufe Serial Monitor (wurin ganin saƙonnin allo a IDE) da ke wata taga, da PuTTY, da Thonny, da Cura idan kana aiki da firinta mai fitar da siffa, domin ita tana leƙa tashoshi da kanta. Idan ba ka gano mai riƙon ba, zare kebul ka kashe kwamfutar ka kunna.

Idan ya ce stk500_recv(): programmer is not responding, ko not in sync, to tashar ta buɗe amma butloda bai amsa ba. Dubi fitilun RX da TX yayin lodi: idan RX ta ƙifta kaɗan TX ta yi shiru, kwamfuta ta yi sallama ba a amsa mata ba. Ga mai Nano, abu na farko shi ne ya koma Tools, ya shiga Processor, ya zaɓi ATmega328P mai rubutun Old Bootloader. Tun 2018 Nano na asali ya koma sabon butloda mai gudun 115200, amma kwaikwayo da yawa har yau suna zuwa da tsohon mai gudun 57600, kuma idan gudun bai zo ɗaya ba ba za su fahimci juna ba. Idan ba wannan ba ne, danna maɓallin RESET ka kalli fitilar L da ke haɗe da fil na 13. A Uno tana ƙiftawa da sauri 'yan lokuta idan butloda yana nan da ransa. A ƙa'ida kwamfuta ce ke tayar da allon da kanta ta layin DTR da wani ƙaramin kafasito, amma idan wannan da'irar ta samu matsala kana iya yi da hannu: danna Upload, ka jira har kalmar Uploading ta fito, sannan ka danna RESET ka saki nan take. Yana iya bukatar maimaitawa kafin ka dace da lokacin.

ESP32 halinsa daban ne. Yana shiga yanayin karɓar shiri ne kawai idan fil ɗin GPIO0 yana ƙasa, wato haɗe da GND, a lokacin da ya tashi, kuma maɓallin BOOT aikinsa ke nan. Idan ka ga Connecting da ɗigogi suna jeruwa, sannan Failed to connect to ESP32, sake gwadawa, amma da ɗigogin suka fara ka danne BOOT har sai ka ga an fara rubutu. Idan bai yi ba, riƙe BOOT, ka taɓa maɓallin EN ka saki, sannan ka saki BOOT. Allon da kullum sai an yi masa haka ana gyara shi da kafasito mai maikirofarad 10 tsakanin EN da GND, ƙafar da ke da alamar ragi tana ɓangaren GND. Idan lodi yana farawa ya yanke a tsakiya, rage Upload Speed daga 921600 zuwa 115200. Ka kuma kiyaye GPIO2 da GPIO12, domin cip ɗin yana duba su lokacin tashi, kuma abin da ka ɗaura musu yana iya hana shi tashi ko karɓar shiri. GPIO6 zuwa GPIO11 kuwa na ma'ajiyar filashi ne, ba a taɓa su. Saƙon Brownout detector was triggered yana nufin wuta ta faɗi, galibi lokacin da Wi-Fi ya kunna, kuma kamfanin Espressif da kansa ya ce a ba shi tushen wuta mai miliamfiya 500 ko fiye, don haka ka sake duba kebul da kafa.

Allunan Arduino Leonardo da Micro, masu ATmega32U4, ba su da cip mai fassara, maikirokontirolar ce ke riƙe da USB da kanta, saboda haka shiri mai kuskure yana iya ɓatar da tashar gaba ɗaya. Danna RESET, ko sau biyu a jere a wasu allunan, butloda zai fito na kimanin daƙiƙa 8, sau da yawa da wata lambar COM daban, a cikin wannan ɗan lokaci sai ka loda Blink. Raspberry Pi Pico ya fi kowa sauƙi: riƙe BOOTSEL yayin da kake jonawa, zai fito kamar filasha mai suna RPI-RP2, ka jefa masa fayil ɗin shiri irin UF2.

Wani lokaci lodi yana tafiya daidai amma Serial Monitor ya cika da alamomi marasa ma'ana. Gudun ne bai dace ba. Lambar da ke cikin Serial.begin ita ce za ka zaɓa a tagar, 9600 da 9600, 115200 da 115200. ESP8266, cip ɗin da ke kan yawancin allunan NodeMCU, yana fitar da saƙon tashinsa a 74880, don haka ɗan shirmen da kake gani a layin farko ba matsala ba ne. Idan kuma kana aika wa allon umarni yana ƙin ji, duba ko kibod ɗin kwamfutarka yana kan Larabci, domin harafin Larabci yana tafiya a matsayin bayit biyu, shirin da ke jiran harafin boko ɗaya ba zai gane shi ba.

Idan duk wannan bai yi ba

Kai allon da kebul ɗin da ka tabbatar da shi wurin kwamfutar wani abokin karatu, ka kuma jona allonsa mai aiki a taka. Wannan musanya tana nuna maka ɓangaren da ke da laifi cikin 'yan mintuna. Idan allonka ne, yi gwajin mayar da saƙo: zare kebul, haɗa RESET da GND da 'yar waya domin maikirokontirolar ta yi shiru, haɗa TX da RX da wata, jona, buɗe Serial Monitor, ka rubuta kalma da haruffan boko ka aika. Idan ta dawo maka, kebul da direba da cip mai fassara duk lafiyarsu ƙalau, laifin yana ga butloda ko maikirokontirolar. Sai dai wasu alluna masu CH340 suna faɗuwa wannan gwaji alhali lafiyarsu lau, don haka a wurinsu cin gwajin hujja ne, faɗuwa kuwa ba hujja ba ce.

Butlodan da ya goge ana mayar da shi da wani Uno mai lafiya. Loda wa mai lafiyar misalin ArduinoISP, sannan ka haɗa fil na 11 da 12 da 13 nasa da takwarorinsu na marar lafiyar, 5V da 5V, GND da GND, fil na 10 nasa kuma ya tafi RESET na marar lafiyar. Sa kafasito mai maikirofarad 10 tsakanin RESET da GND na mai lafiyar domin kada ya tashi a tsakiyar aiki. A Tools zaɓi sunan allon da ake gyarawa, a Programmer zaɓi Arduino as ISP, ka danna Burn Bootloader. Idan ya ce Invalid device signature, ka bi wayoyin nan shida ɗaya bayan ɗaya kafin ka zargi cip ɗin.

Idan cip mai fassara ne ya mutu, adaftar USB zuwa TTL tana maye gurbinsa: TX ɗinta zuwa RX na allo, RX ɗinta zuwa TX, GND da GND, kuma ga ESP32 dole a saita ta a bolt 3.3, domin filolinsa ba a yi su don bolt 5 ba. Idan kuwa maikirokontirolar ce ta ƙone, a Uno mai dogon cip ATmega328P mai ƙafa 28 yana zaune ne a cikin soket, ana ɗaga shi a hankali da ƙaramin sukundireba daga kowane gefe a sa wani. Ka nemi wanda aka riga aka sa wa butloda, ka taɓa wani ƙarfe kafin ka ɗauke shi, musamman a ɗaki mai na'urar sanyi a busasshiyar iskar Madina ko Riyad inda jiki ke tara lantarki, sannan ka daidaita ɗan yankan da ke kan cip ɗin da yankan da ke jikin soket kafin ka danna shi ciki.